Shanun Maɗugu da Dogon Hatimi

Ranar Juma'a da hantsi aka kira Insfekta Mansur a waya, aka ce ya hanzarta zuwa Magama, wani tsoho ya kwanta a gaban babbar mota ya hana ta tsallaka iyaka.

Da ya isa ya tarar ba ƙari aka yi ba. Tsohon na kwance a kan kwalta, kansa daf da tayar gaba, hularsa a gefe. Motoci sun yi layi a baya har inda ido ya tsaya, direbobi na ta masifa, 'yan dako kuwa sun ajiye kaya sun samu abin kallo kyauta.

"Baba, tashi mu yi magana," in ji Insfekta.

"Ba ni tashi, ranka ya daɗe. Shanuna na cikin motar ga. In za ta shiga Nijar sai dai ta bi ta kaina."

Sunansa Maɗugu, manomi ne daga Riko. Ranar Alhamis ya je suna a Mazanya, ya bar bijimansa biyu na huɗa a ɗaure bayan gida. Da ya dawo da la'asar turaku kawai ya tarar. Tun da gari ya waye yake Magama yana leƙa duk motar da ta tsaya, har Allah ya haɗa shi da wannan.

Insfekta ya taka taya ya leƙa. Shanu tara ne a ciki, biyu sun fi sauran girma, kowanne da lambar roba a kunne. Daga inda yake kwance Maɗugu ya karanto lambobin da ka, bai kuskure ko ɗaya ba.

Insfekta ya ji daɗi, ya ɗauka kafin a shiga masallaci ya gama aiki. Sai direban ya miƙo masa takarda.

Shekara uku ke nan da masu shanu da dillalan yankin suka gaji da sata, suka kafa ƙungiya, suka buɗe ɗan ofis kusa da kara. Kowace dabba ana maƙala mata lamba a kunne, a shigar da ita kwamfuta da sunan mai ita. In an sayar a shigar da cinikin. Kuma ba a ba da takardar fita da dabba sai cinikin ya yi mako biyu, don in ta sata ce mai ita ya samu lokacin yin kuka. Takardar nan kowa na ganin girmanta a kan hanya.

Ta hannun direban ta ce Maɗugu ya sayar da bijiman ga wani Yahya na Maraɗi tun watan Maris.

"Maris?" Tsohon ya tashi zaune. "Da su na kai taki gona watan jiya. Ruwa ya sauka, ranka ya daɗe, ƙasa ta jiƙa. In ban yi huɗa cikin satin ga ba, bana ba ni da hatsi, ni da mutum goma sha ɗaya."

Aka kwashi mota da direba da tsoho zuwa caji ofis. DPO ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi bai ga aibinta ba. Shugabannin direbobi kuma sun riga sun cika masa ofis.

"Gobe da azahar," ya ce wa Insfekta. "In ba ka kawo mini abin da ya karya takardar nan ba, zan saki mota. Ka kuma san in ta tsallaka, shanun nan sai dai labari."

Direban sunansa Kalilu, mutumin Maraɗi, gajere mai yawan rantsuwa, kowane babba mushe yake ce masa, wato yallaɓai a bakin mutanen Nijar.

"A ina ka ɗauko bijiman nan biyu?"

"Kara, mushe. Nan karar Jibiya, tare da sauran."

"Ranar Alhamis? Ai ran Lahadi kara take ci."

"To, dama suna nan ɗaure."

"Wa ya ba ka su?"

"Wani mutum."

"Wane mutum?"

"Mutum dai. Ni kamiyo, babbar mota, nika tuƙi, mushe. An ba ni takarda, na duba, ta yi daidai. Shekara goma ina bin hanyar ga, wallahi ko 'yan duwan, kwastan ɗinmu, ba su taɓa riƙe ni ba."

Insfekta ya san ƙarya in ya ji ta, amma ƙaryar direba ba ta goge abin da ke jikin takarda. Ya sa aka kai Kalilu bayan kanta, shi kuma ya hau babur ya nufi ofishin ƙungiya.

Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kwamfuta a kan tebur, baturan sola biyu a ƙarƙashi. Magatakardan wurin, Aminu, babban ɗan Maɗugu ne, magidanci mai sanyin magana. Idanunsa sun yi ja. Ya ce jiya har magariba suna bin sawu shi da mahaifinsa.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya game da Insfekta Mansur. Mutum ne da ya iya karanta fuska, ya iya bin sawu a kan tsandauri, amma ko wayarsa ce ta rikice matarsa ke gyara masa. Ya zauna gaban kwamfutar nan yana kallonta kamar surukarsa.

"Ga shi, Yallaɓai," in ji Aminu. "Sha huɗu ga Maris."

"Kai ka shigar?"

"Da na ga sunan Baba ai da na tuna."

"Ana iya rubuta kwanan wata da hannu?"

"A'a. Na'urar ke sawa da kanta."

"Ana iya goge sunan wani a sa na wani?"

"In aka taɓa ko harafi guda, hatimin zai ƙi." Ya nuna wasu baƙaƙe takwas a ƙarshen layin, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba su ba da wata ma'ana ba. Ya danna wani wuri ya ce na'ura za ta binciki kanta. Layuka suka riƙa zama kore ɗaya bayan ɗaya, har da na shanun Maɗugu.

"Wato na'ura ta ce babanka ya sayar."

"Haka ta ce."

"Kai kuma ka ce bai sayar ba."

"Bai sayar ba."

"To wa ke ƙarya?"

"Ni ma kaina ya ɗaure, Yallaɓai."

Insfekta ya ɗaga kai sai ya ga wata takarda manne a bango. Kalmar sirrin kwamfutar ce, an rubuta ta da manyan baƙaƙe don kada shugaban ƙungiya ya manta. Ya yi tsaki. Makulli uku ne da ofishin: ɗaya na Aminu, ɗaya na shugaban da ya tafi aikin Hajji, ɗaya na Nafisa, wadda ta rubuta manhajar tun farko.

"Ba ni son ɗaukar alhakin kowa," in ji Aminu yana kallon ƙasa. "Amma in akwai mai iya shiga cikin na'urar ga ya sa ƙarya ta fito kore, sai wadda ta gina ta."

A bakin ofis Insfekta ya tsaya shan fura wurin wata mata, Bilki. Bai ma gama tambaya ba ta ce ai sati uku da suka wuce, ran Juma'a, ta ga Nafisa ta buɗe ofishin ta shiga da jakarta, daidai lokacin da maza suka tafi masallaci. Maza na yawan mantawa cewa in sun tafi masallaci mata na nan, kuma da idanunsu.

Nafisa na da ɗan shago a kan hanyar Katsina, tana gyaran waya da buga takardu. Ya same ta ta buɗe cikin wata waya tana hura mata iska.

"Malama, yaushe rabonki da kwamfutar ƙungiya?"

"Tun kafin azumi."

"Bilki mai fura ta gan ki ran Juma'a, sati uku da suka wuce."

Ta ajiye wayar. Sannan ta fayyace masa komai.

Ashe bara ta taɓa yin wani gyara ranar kasuwa, na'urar ta mutu tun safe har la'asar, dillalai suka kusa cire ƙofar ofis. Tun daga ranar shugaba ya kafa doka, kada ta sake taɓa komai sai an yi taro an amince. Taron kuwa kullum sai wani satin.

"To me ya kai ki?"

"Hash ɗin ne ya fara karo, Yallaɓai."

"Wa ya yi karo da wa?"

Ta kusa yin dariya, ta danne. "Hatimin nan da Aminu ya nuna maka, a aikinmu hash ake ce mishi. Na'ura na ɗaukar duk abin da ke cikin layi, suna da lamba da kwanan wata, ta niƙe su ta fito da jerin baƙaƙe. Kamar kai hatsi inji ne. Gari za ka samu, kuma ba mai mayar da gari ya koma hatsi. Sai dai a nan in ka canza ƙwaya guda, garin duka sai ya canza."

"Ni hatsin gidanmu ba ya haka. Ci gaba."

"Na farkon ni na ƙirƙira shi da kaina cikin gaggawa, gajere, baƙi takwas. Kuskurena ne. Ba a ƙirƙirar wannan abin da ka, akwai waɗanda masana suka daɗe suna gwadawa, su ake ɗauka. Da dabbobi suka yi yawa, sai aka samu shanu biyu na mutane daban-daban sun fito da hatimi iri ɗaya, na'ura ta ƙi karɓar na biyun. Aminu ya zaci zafi ne, har fanka ya kunna mata. Ni na san ba zafi ba ne. Shi ne na shiga ran Juma'a, na kwafe komai a filas, ɗan abin ajiyar bayanai, tukuna, sannan na sa mata sabon hash, mai baƙi sittin da huɗu."

"Takwas na ƙirga a allo."

"Takwas na farko kawai allon ke nunawa, don su shiga takarda. Ban taɓa wannan ba. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ya lalace ka san inda za ka duba."

Insfekta ya rubuta takwas a littafinsa, ya rubuta sittin da huɗu a ƙarƙashi, ya ja layi. Bai san abin da ya sa ya ja layin ba.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Tsofaffin layukan fa, su ma kin canza musu?"

"A'a, na bar su da tsohon hatiminsu. In na sake buga musu sabo, duk wata ɓarna da ke ciki na wanke ta ke nan." Sai ta ɗago kai. "Yallaɓai, cinikin shanun Baba Maɗugu da ake ta magana a gari, wane wata aka rubuta?"

"Maris."

Ta jawo mayafinta ta kulle shago.

Bayan la'asar su uku suka tsaya gaban kwamfutar, har da Aminu. Nafisa ta kauce wa allon da aka saba gani, ta buɗe wani baƙi mai farin rubutu, ta ɗan yi bugu. Duk cinikin watan Maris ya jeru, kowane layi da ɗan gajeren hatiminsa a ƙarshe. Layi ɗaya ne kawai hatiminsa ya miƙe har ya kai bakin allo.

Wannan karon ko Insfekta ya gani ba tare da an nuna masa ba.

"Na shanun Baba Maɗugu ne," in ji Nafisa. "A watan Maris na'urar nan ba ta san dogon hatimi ba. Wannan layin bai kai sati uku a duniya ba."

"Amma ɗazu kore ya nuna mini."

"Kore na nufin ba a taɓa layin ba tun da aka shigar da shi. Ba ya nufin gaskiya aka shigar."

"To ta ina Maris ya shigo, tunda ba a rubuta kwanan wata da hannu?"

"Daga agogon kwamfuta na'urar ke ɗauka. In ka mayar da agogon baya, za ta yarda da kai." Ta buɗe wani shafi. "Wannan littafin da take rubuta wa kanta ne, duk abin da aka yi, layi bayan layi. In abu ya rikice ba a fara da zato, shi ake fara karantawa."

Ta sa yatsa a allo. Ranar Larabar da ta wuce, ƙarfe goma da minti sha huɗu, an shigar da karsanar wata Salmatu daga Mazanya. Layi na gaba sai kwanan wata ya koma sha huɗu ga Maris, aka shigar da ciniki ɗaya, aka buga takarda ɗaya. Na gaba kuma an dawo Laraba, goma da rabi.

Insfekta ya juya ga Aminu. "Kana ina a lokacin?"

Aminu ya shafa kai yana tunani. "Na tuna. Ina sallamar Salmatu na fita sayo wa matata magani. Na bar ƙofa a buɗe. Kalmar sirri kuwa ga ta nan a bango, kowa na iya shiga." Ya kalli Nafisa ta gefen ido. "Balle wanda ya saba shiga in ba kowa."

Insfekta ya kai wa DPO labarin dogon hatimi, yana bayani yana ji da kunnensa bayanin na kwance masa. DPO ya saurara har ƙarshe.

"Mansur, so kake in riƙe motar mutane don wasu baƙaƙe sun fi wasu tsawo? Kuma wadda ta nuna maka ita ce wadda ta yi maka ƙarya ɗazu, ita ce mai makulli, ita kaɗai ta fahimci abin. Kawo mini mutum. Azahar na nan yadda na ce."

Gaskiyar DPO ce, kuma abin ya ba Insfekta haushi. In Nafisa ce, me zai sa ta tona kanta? In ba ita ba ce, wa ya rage? Direba ya yi ƙarya, mai manhaja ta yi ƙarya, na'ura ma ta yi tata a cikin kore. Wanda bai yi ƙarya ba shi ne tsohon da takarda ta ƙaryata.

Asabar da safe ya sa aka fito da Kalilu. Kwana ɗaya a sel ya rage masa rantsuwa.

"Ba a kara na ɗauke su ba, mushe. Bayan Mazanya ne, bakin hanya, ran Alhamis da rana. Dokar ƙungiyarmu ta hana lodi a daji, in sunka ji za su kore ni daga layi. Shi ya sa."

"Wa ya kawo su?"

"A waya munka yi magana. Ya zo da hular kwano da takunkumi, ban ga fuska ba."

"Ba abin da ka lura da shi?"

Kalilu ya sosa ƙeya. "Shanun sun ƙi hawa. Na ɗauko sanda, sai mutumin ya ce kada in kuskura in taɓa su. Ya kama kunnen babban ya yi mishi magana a hankali, ya ce, Tauraro, hau. Wallahi sai ya hau kamar mutum. Na biyun Baƙo ya ce mishi."

Maɗugu a harabar caji ofis ya kwana, kusa da motar. Insfekta ya same shi yana miƙa wa bijiman harawa ta tsakanin katako.

"Baba, shanunka suna da suna?"

"Tauraro da Baƙo."

"Wa ya san sunayen?"

"Mutanen gida."

"Wa suke bi in ya kira su?"

"Ni, sai Aminu." Tsohon ya yi murmushi, karo na farko tun jiya. "Ai shi ya hore su tun suna maruƙa. Sun ma fi jin muryarshi da tawa."

Insfekta ya rufe littafinsa. Ya so a ce tsohon bai yi murmushin nan ba.

Ƙarfe sha ɗaya yana Mazanya. Ya samu Salmatu tana sussuka a ƙofar gida, dattijuwa mai kaifin baki.

"Inna, ran Laraba bayan an rubuta karsanarki, magatakarda ya fita?"

"Fita ina? Ni fa a bakin ƙofar na zamna, ina jiran ƙanen mijina shi zo mu kora karsana. Sai wajen sha ɗaya ya zo, malalaci. Aminu na ciki yana ta danne-dannensa. In da ya fita sai ya tsallake ƙafata."

"Ba wanda ya shiga?"

"Ko kaza."

Aminu bai sa ta a lissafi ba. Tsohuwar ƙauye ce zaune a bakin ƙofa, ya sallame ta, a wurinsa ta tafi.

Sha biyu da rabi Insfekta ya dawo caji ofis. Aminu ya kawo wa mahaifinsa abinci, suna zaune a inuwar motar. Nafisa na kan benci a baranda, inda aka ce ta jira.

"Aminu, ka ce ran Laraba ka fita sayen magani."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Salmatu na bakin ƙofarka har sha ɗaya. Ta ce ba ka fita ba, ba wanda ya shiga. Direba kuma ya ji mai hular kwano ya kira Tauraro da sunansa."

Aminu ya rufe kwanon abincin a hankali, ya ajiye shi gefe.

"Ni ne," ya ce.

Maɗugu ya kalli ɗansa, ya kalli Insfekta. "Kai ne mi?"

"Ni na kwance su, Baba. Ni na mayar da agogo, ni na buga takardar."

"A'a. Ai tare munka bi sawu."

"Tare munka bi."

Tsohon ya ƙura wa ɗansa ido.

"Baba, sau nawa na roƙe ka ka rabu da su?" in ji Aminu. "Malam Isah a kan shanu biyu 'yan bindiga sunka shiga gidansa, a bakin ƙofa sunka harbe shi, ni na ɗauki ƙafafunsa. Yanzu duk unguwarmu gidanmu kaɗai ya rage da shanu, kuma kowa ya sani. Na ce mu kai su wani wuri, ka ce sai bayan huɗa. Bara ma haka ka ce. Kuma na san in sunka zo ba za ka gudu ba, a gabansu za ka tsaya. Yahya abokina ne, yana da gona bayan Maraɗi. Riƙe mana su zai yi har ƙasa ta lafa. Na gwammace mu rasa hatsin bana da in wanke gawarka."

"Ka bar direba ya kwana a sel," in ji Insfekta. "Ka nuna mini baiwar Allahn nan da yatsa har sau biyu."

"Na yi. So nike azahar ta yi kawai." Ya juya wajen baranda. "Nafisa, ki yafe mini."

Ta kawar da kai.

Maɗugu ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun rigar Insfekta. "Ranka ya daɗe, na janye. Shanuna ne, ɗana ne. Ba a yi mini sata ba, na janye ƙara."

"Maganar shanu taka ce, Baba, kana iya janyewa. Ta rajista ba taka ba ce. Duk mai dabba a ƙasar nan da takardar nan yake dogara, kuma wanda aka ba amanarta ne ya sa ƙarya a ciki. Ga direba, ga yarinyar nan. Ba ni da ikon yafe musu."

Ya faɗi haka ne don haka doka take, amma bai ji daɗin bakinsa ba.

Wani sajan ya zo ya kama Aminu a damtse. Ba a sa masa ankwa ba, bai kuma yi gardama ba. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Baba, don Allah kada ka ɗaure su bayan gida."

Aka shige da shi.

Kalilu da kansa ya kafa katako ya sauko da bijiman, ba sanda, ba hayaniya. Ya miƙa wa tsohon igiyoyin biyu, ya hau motarsa ya kama hanyar Magama.

Maɗugu ya tsaya a tsakiyar harabar, igiya a kowane hannu. Tauraro ya sa hanci yana shinshinar kafaɗarsa. Insfekta ya kawo masa takardar karɓar kaya, ya nuna masa inda zai dangwala.

"Ga shanunka, Baba. Ƙasa na da sauran danshi, gobe kana iya shiga gona."

"Huɗa mutum biyu ka yin ta, ranka ya daɗe. Ɗaya na ja, ɗaya na riƙon garma." Ya kalli ƙofar da aka shiga da ɗansa, sannan ya kalli hanyar Riko. "Kai da ka san aiki, gaya mini. In kai su gida?"

Insfekta Mansur ya tsaya da takarda a hannu, shi ma yana kallon hanyar Riko.